KOWA YA CI LADAN KUTURU SAI YA YI MASA ASKI

A Ingila da Amurka akwai wani irin kiɗa da a ke kira rok, wanda a ke yi da jita mai aiki da lantarki, da ganguna, da murya, sa'an nan a haɗa su duka da manyan lasifikoki har sautin ya kai inda muryar ɗan Adam ba ta kaiwa. Tushensa daga waƙoƙin baƙar fatar Amurka ne. Ya fara bazuwa wajen 1955, ya kai ganiyarsa tsakanin 1964 da 1980, zamanin su Beatles, da Rolling Stones, da The Who, da Led Zeppelin, da Queen. Samarin da suka kalli waɗannan makaɗa yau dattawa ne, amma in suka zauna ba su da hirar da ta fi musu daɗi kamar ta daren da suka ga gwanayensu ido da ido. Mun ga ya kamata mu duba wannan hira tasu, gama akwai wani da ba a ambata a cikinta, watau ma'aikacin da ya zauna da alƙalami ya ƙidaya tikiti, ya ƙidaya ƙofofi, ya tsai da lokacin buɗe su. Ra'ayinmu shi ne, duk daɗin da mai kallo ya ji a kan aikin wannan mutum ya ke tsaye, kuma ranar da ya yi sakaci biki ya kan koma makoki.

Da farko sai mu tambaya, me ke fitar da mutum daga ɗakinsa, alhali yana da faifan waƙar, yana iya sa shi a garmaho ya ji ko wace kalma sarai? Amsar tana cikin abin da ya faru ranar 15 ga Agusta, 1965, sa'ad da Beatles suka yi wasa a filin ƙwallo na Shea, a birnin Niyok, gaban mutum 55,600. Waƙa 12 suka yi cikin kamar rabin sa'a. Kayan sautin wancan zamani ba su da ƙarfin cika fili irin wannan, ga kuma ihun 'yammata ya rufe ko'ina, har su makaɗan ba su jin abin da su ke kaɗawa, balle wanda ke can saman benci. Su Beatles wannan hali ya gundure su, suka yi wasansu na ƙarshe na masu biyan kuɗi a San Faransisko ranar 29 ga Agusta, 1966. Amma waɗanda suka je Shea ba su daina alfahari da zuwan ba, ko da ya ke kaɗan suka ji. Gani ya kori ji.

Haka kuma ranar 13 ga Yuli, 1985, a filin Wembley na Landan, wajen wasan Live Aid da aka shirya don taimakon waɗanda yunwa ta kama a Habasha. Mutum 72,000 suka hallara. Queen ba su wuce minti 20 da 'yan kai a kan dandamali ba, amma mawaƙinsu, Freddie Mercury, ya riƙa ba da waƙa jama'a na amsawa, ya sa dubban hannuwa suna tashi suna tafi lokaci ɗaya kamar na mutum guda. Wanda ya tsaya a filin nan, abin da ya ke tunawa ke nan. Ashe abin da mai kallo ke saye da kuɗinsa shi ne ya zama ɗaya daga cikin taron, ya ji muryarsa ta ɓace cikin ta dubbai. Cikar jama'a ita ce hajar da a ke sayar masa. To, nan ne wahalar ta ke, domin cikar nan ita ce kuma abin da ke iya kashe shi.

An daɗe ba a gane haka ba, sabo da wata sa'a da aka taka. Daga 15 zuwa 18 ga Agusta, 1969, aka yi taron Woodstock a gonar wani mai kiwon shanun nono, Max Yasgur, a Bethel cikin jihar Niyok. An sayar da tikiti wajen 186,000 kafin ranar, amma waɗanda suka zo sun kai 400,000. Ba a gama shinge ba, ba a gama rumfunan karɓar tikiti ba, dole aka ce kowa ya shiga kyauta. Hanyoyi suka toshe har sai da jirgi mai saukar ungulu a ke kawo makaɗa. Aka yi ruwa, wuri ya zama taɓo, abinci ya yi ƙaranci har mutanen ƙauyukan kewaye suka kawo gudummawa. Duk da haka jama'a suka yi haƙuri da juna, aka tashi ana yabon taron. Masu shirya irin waɗannan wasanni sai suka ɗauka cewa taron masoya kiɗa zai lura da kansa.

Ba a cika wata huɗu ba aka ga ƙaryar wannan zato. Ranar 6 ga Disamba, 1969, Rolling Stones suka yi wasan kyauta a filin tseren motoci na Altamont, a Kalifoniya. Sai kamar kwana biyu kafin ranar aka tsai da wurin. Dandamalin da aka kafa gajere ne, wanda ke ƙasa yana iya hawansa, sa'an nan aka ɗora tsaronsa a kan wata ƙungiyar mahaya babura, Hells Angels, waɗanda aka sani da faɗa. Mutum wajen 300,000 suka zo. Aka wuni ana dūkan 'yan kallo, da dare kuwa wani saurayi ɗan shekara 18 ya zaro bindiga cikin rigimar, aka soke shi da wuƙa ya mutu gab da dandamali, ana cikin kiɗa. Waɗansu uku kuma suka rasu ta haɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma abin da ya fi kamata a yi nazarinsa shi ne na birnin Sinsinati, a jihar Ohayo, gama can ba faɗa, ba makami, lissafi ne kawai ya ɓaci. Ranar 3 ga Disamba, 1979, The Who za su yi wasa a babban ɗakin taro na Riverfront da ƙarfe 8 na dare. An sayar da tikiti 18,348, daga cikinsu 14,770 ba su da lambar kujera, watau wanda ya riga shiga shi ke samun gaba. Ka dubi halin yaron da ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi irin wannan tikiti. An gaya masa a fakaice cewa in yana son ganin gwaninsa kusa, sai ya riga dubbai isa bakin ƙofa. Sabo da haka tun da rana aka fara taruwa cikin sanyi, kafin magariba dubbai sun cika farfajiyar. Can sai aka ji sautin kiɗa daga ciki, na waje suka zaci an fara ba su. Ƙofofi kaɗan aka buɗe, sauran suna kulle. Na baya suka matso, na gaba ba su da inda za su. Mutum 11 suka mutu don rashin numfashi, ƙaraminsu ɗan shekara 15, babbansu 27, fiye da 20 kuma suka ji rauni. Hukuma ta ji tsoron in aka tsai da wasan za a sami wani rikicin, sai aka bari aka ci gaba. Makaɗan ba su san kome ba sai da suka sauka, dubban da ke ciki kuwa suna ta murna, ba su san abin da ke bakin ƙofa ba.

Washegari waɗansu jaridu suka ɗora laifin a kan samarin, suka kwatanta su da dabbobin da suka tattake 'yan'uwansu don neman kujera. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba. Masanan da suka binciki halin cunkoso sun nuna cewa in mutum 6 ko 7 suka matsu cikin murabba'in mita ɗaya, watau wurin da bai fi taki ɗaya tsawo da taki ɗaya faɗi ba, ba mai sauran iko da jikinsa. Taron ya kan riƙa tangaɗi kamar ruwa, ya ɗaga mutum ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya matse ƙirjinsa har ya kasa jan numfashi, ya mutu yana tsaye. Wanda ke baya kuwa ba ya ganin gaba. Shi dai ya ga an ɗan matsa, ya bi. Yaya za a kira shi mai kisan kai? Haka nan ba mu yarda a rufe maganar da cewa tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa ba. Adadin tikiti yana rubuce tun kafin ranar, adadin ƙofofi sananne ne, kuma yawan mutanen da ƙofa ɗaya ke iya wucewa da su cikin minti guda abu ne da ɗan makaranta zai lissafa a kan allo. Wanda ya karɓi kuɗin mutum 18,000 ya ɗauki amanar shigar da su da fitar da su lafiya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Akwai masu cewa, to, ai sai a ɗaure kowa a kujera a huta. Majalisar Sinsinati haka ta yi. Kafin ƙarshen Disamba, 1979, ta hana sayar da tikiti marar lambar kujera, dokar kuwa ta zauna har 2004. Masoyan kiɗa suka yi ta gunaguni, suna cewa an kashe armashin abin, domin rok kiɗan tsayuwa ne da rawa. Muna ganin suna da gaskiya daidai gwargwado, tun da mun riga mun ce gogayya da jama'a ita ce abin da suka zo nema. Laifin yana ga barin taron ba tsari. Ranar 30 ga Yuni, 2000, a taron Roskilde na ƙasar Denmak, mutum 9 suka mutu cikin matsi gaban dandamali sa'ad da Pearl Jam ke wasa. Da labari ya kai ga makaɗan suka tsaya, suka roƙi jama'a su ja baya, amma an makara. Masu taron ba su hana tsayuwa ba. Sai suka raba gaban filin gida gida da shingen ƙarfe, suka ƙayyade adadin masu shiga ko wane gida, aka ci gaba da taron shekara shekara. Haka kuma da Led Zeppelin suka sake haɗuwa don wasa guda a Landan ranar 10 ga Disamba, 2007, an sami neman tikiti har miliyan 20, alhali wurin bai fi cin mutum 20,000 ba. Ƙuri'a aka yi, wanda ta faɗa masa ya zo da shaidarsa, ba wanda ya ga dalilin kokawa a bakin ƙofa.

Abubuwan da ke tsare ran mai kallo ba su da yawa, ba su kuma da ban sha'awa. Na farko, kada a sayar da tikitin da ya wuce abin da wuri zai ɗauka. Na biyu, a buɗe ƙofofi isassu, da wuri, da masu karɓar tikiti a ko wace ɗaya. Na uku, a riƙa yi wa na waje magana ta lasifika, a gaya musu ba a fara ba, gama jita-jita a cikin cunkoso ta fi wuta saurin ci. Na huɗu, a sami mutum guda sananne mai ikon tsai da kiɗa nan take, ko da maigidan wasa zai yi asara. Shi ma mai kallo yana da nasa nauyin. In ya ga wani ya faɗi ya ɗaga shi, in ya ji an ce a ja baya ya ja, kada son ganin gwani ya sa ya manta da na gabansa.

Mun san yawancin masu karanta wannan shafi akawuna ne da malaman makaranta, mutanen da aikinsu ke tsakanin rajista da jadawali, waɗanda ba a yi musu tafi. Wani lokaci mutum ya kan ga kamar ƙidayar da ya ke yi ba ta da wani amfani. Labarin Sinsinati ya ishe shi amsa. Uku daga cikin waɗanda suka rasu 'yan makarantar sakandare guda ne, ta Finneytown, biyu suna cikin karatu, ɗaya ya gama. Abokansu suka kafa asusun sukolashif da sunansu, ana taimakon ɗaliban da ke son karatun kiɗa da zane. The Who kuwa ba su sake yin wasa a birnin ba sai ranar 15 ga Mayu, 2022, bayan fiye da shekara 42, suka tuna da mamatan, suka kuma taimaki asusun. Wannan abin yabo ne ƙwarai, amma bai mai da ko ɗaya daga cikin 11 ɗin wurin iyayensa ba. Abin da zai iya haka tun farko shi ne wani ma'aikaci ya duba takardar tikiti, ya duba ƙofofi, ya je ya ce wa na sama da shi, a buɗe sauran, a kuma buɗe su yanzu. Muna fata duk wanda aka ɗora wa shirin wani taro, babba ko ƙarami, zai zama wannan ma'aikaci.