Sanarwar Bayan Taro kan Batun Gina Babbar Tashar Wutar Sola a Arewacin Najeriya



Ƙungiyarmu ta masu haɗawa da gyaran wutar sola ta yi babban taronta a Kano, inda aka keɓe zama guda domin tattauna batun gina babbar tashar sola a Arewa, irin wadda ke tura wuta kan babban layi, ba irin ta saman kwano da muka saba girkawa ba. Mambobi sun zo daga Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna da Sakkwato, 'yan uwanmu na Maraɗi kuma sun turo wakilai. An gayyaci masu ƙananan masana'antu da wakilan manoma da na makiyaya, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ga abin da aka tsayar.

Ba a ɓata lokaci kan ko ranar da muke da ita ta isa ba. Wanda ya taɓa hawa kwano da azahar a watan Afrilu ya san amsar. Farantan sola ma sun yi sauƙin kuɗi a kasuwar duniya fiye da yadda suke a da. Abin da taron ya gano shi ne, manyan tashoshi a ƙasar nan kan mutu tun suna takarda, saboda ba a tabbatar da wanda zai sayi wutar ya biya ba.

Hujjarmu ita ce abin da ya faru a 2016. A shekarar, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, wato NBET, ya rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su samar da megawat 1,125, akasari a jihohin Arewa irin su Katsina, Jigawa, Bauchi, Sakkwato da Kaduna. An yi ciniki kan senti 11.5 na dala a kowane yunit. Daga baya gwamnati ta ga farashin ya yi tsada, ganin cewa a Zambiya an yi gwanjo a wannan shekara har aka samu kusan senti 6, sai ta nemi a rage zuwa senti 7.5. Su kuma bankunan da za su ba da rance suka tsaya kan sai an ba su lamuni a rubuce cewa idan mai sayen wuta ya gaza, gwamnati za ta ɗauki bashin. Aka yi ta kai-komo, shekaru suka wuce, ba a kunna ko ɗaya ba. Taron bai ga laifin neman ragi ba, don kuɗin talaka ne. Amma sauya ciniki bayan an tafa hannu yana korar mai jari na gobe, kuma har yau muna biyan wannan.

Tashar Kumbotso da ke gefen masana'antun Challawa ta tsira ne don ta bi wata hanya. Hukumar asusun ajiya ta ƙasa, NSIA, ita ta gina ta da kuɗin gwamnati, kimanin dala miliyan 16, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023. Gwamnatin Tarayya ke da kashi 80, Jihar Kano 15, Ƙaramar Hukumar Kumbotso 5. Muna yaba wannan aiki, musamman kason da aka ba ƙaramar hukuma. Sai dai megawat 10 ne kacal, kuma baitulmali ba zai iya gina megawat dubu da kuɗin hannu ba. A Benban da ke kusa da Aswan, Masar ta ware fili, ta gina tashoshin karɓar wuta, ta yi alkawarin saye na shekara 25, sannan 'yan kasuwa suka zo da jarinsu, aka haura megawat 1,400 zuwa 2019.

Saboda haka babbar matsayarmu ita ce: kada a aza tubalin wata babbar tasha sai an san mai saye, an san farashi, an san wanda ya tsaya masa. A Kano masu sayen suna nan a fili, masana'antun Challawa da Sharada da Bompai, da injinan casar shinkafa, da masu ƙanƙara, duk aikinsu da rana ne, lokacin da tashar ke cikin ƙarfinta, kuma tuni suna kashe kuɗi fiye da na wutar sola a kan man gas. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. Muna roƙon masu girma gwamnoninmu su yi amfani da wannan dama, su haɗa masu tasha da waɗannan masu saye kai tsaye.

Wakilan Maraɗi sun tuna wa taron abin da ya sami Nijar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take tura mata, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke sha. Tashar Goru Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai ta fara aiki a Nuwamba, ta rage wa birnin raɗaɗi. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. A nan injiniyoyinmu suka ja kunne kan abin da jama'a ba su cika sani ba: inbatar da aka ɗaure da babban layi, da zarar layin ya faɗi ita ma tana kashe kanta, don kada ta tura wuta kan mai gyara da ke saman turke. Wato tasha na iya zama shiru rana tsaka alhali garin na ƙuna. Don haka muna neman duk sabuwar tasha a tsara ta da batir da na'urar da za ta iya riƙe unguwannin da ke kewaye da ita ko babban layi ya tafi. An yi gardama kan tsadar batir, an kuma yarda cewa ko na 'yan awoyi ne a sa.

Batun fili shi ya fi ɗaukar lokaci, kuma shi ya fi zafi. Tashar Kumbotso ta ci hekta 24. A wannan lissafi, megawat 100 zai ci kusan hekta 240, kuma a kewayen Kano babu fili mai wannan girma da ba gonar wani ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma akan biya ta ne kan amfanin gona da bishiyoyi da gini. Wani dattijo cikin wakilan manoma ya tambayi taron, idan aka ƙirga masa ɗorawa da mangwaro da geron bana aka biya shi, 'ya'yansa kuma a ina za su yi noma baɗi? Taron ya ga tambayar ta fi ƙarfin a wuce ta da alhini. Mun tsayar cewa a fara neman fako da filayen da suka gaji. Inda kuwa dole sai an taɓa gona, a yi haya ta shekara-shekara da ake biyan mai gona da magadansa, maimakon kuɗi dunƙule da kan ƙare kafin damina biyu. A rubuta yarjejeniyar da Hausa, a karanta ta a gaban dagaci da mai unguwa, a sa sunan matan da suka gaji gona a matsayin masu haƙƙi, kada a karɓa musu ta hannun wani. Wakilin makiyaya ya roƙi kada shinge ya datse burtali ko hanyar mashaya, ya kuma kawo shawarar a bar tumaki su yi kiwo a ƙarƙashin farantai, tunda ciyawar dole a rage ta. An karɓi shawarar, ban da awaki, don kowa ya san akuya da hawa da tauna waya. Ya kamata kuma ƙauyen da ya ba da fili ya samu taransfoma da wuta kafin ranar yanke ƙyalle.

Sai ƙura. A hunturu, farantin da aka wanke ranar Asabar, zuwa Laraba kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa, kuma abin da yake bayarwa ya ragu. Wankin farantai fiye da 21,000 kamar na Kumbotso ba aikin bokiti da tsumma ba ne. Da asuba ake yi ko da almuru, kafin gilashi ya ɗau zafi ko bayan ya huce, kuma ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin tabo. Muna neman a faɗi tun a takardar kwangila daga ina ruwan zai fito, don kada rijiyar burtsatse ta tasha ta janye ta ƙauye, a kuma duba injinan goge ƙura da ba sa bukatar ruwa.

Kan aikin yi, ba mu ɓoye wa kowa ba: lokacin gini akan ɗauki mutane da yawa, in an gama kaɗan ke saura. Abin da muke so shi ne waɗannan kaɗan su zama yaranmu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muna kira ga kwalejojin fasaha da Jami'ar Bayero, wadda ke da tata tashar mai megawat 7.1 tun 2019, su buɗe ƙofa ga masu koyon aiki a ƙarƙashin mambobinmu tun yanzu.

Akwai abu ɗaya da ba a daidaita a kai ba. Wasu mambobi na ganin kuɗin babbar tasha ɗaya gara a raba shi a kafa ƙanana a kasuwanni da asibitoci da ƙauyuka, kamar yadda aka gwada a kasuwar Sabon Gari. Wasu suka ce ƙananan ba za su juya injin masaƙa ko na narka ƙarfe ba. An bar maganar ga wani kwamiti da aka naɗa, wanda zai kai wannan sanarwa ga ma'aikatun wuta na jihohinmu da majalisun iyayen ƙasa, ya kawo rahoto a zama na gaba.

 

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya