Dogon Turanci Ba Shi Ne Sanin Turanci Ba

Garin Suleja na Jihar Neja shi ne Abuja ta asali. A shekarar 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko, sabon birni ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin kuwa aka raɗa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a 1991, Suleja ta zama masaukin ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga birnin. Ga ofisoshi a bakin ƙofa, amma yaron garin da bai iya rubuta takardar neman aiki da Turanci mai tsabta ba, sai dai ya ƙare a gadi ko aike. Jami'a ma ba ta karɓarsa sai da kiredit a Turanci, ko na WAEC ko na NECO, ga kuma jarrabawar JAMB wadda Turanci tilas ne a cikinta.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai, domin cuta biyu ce ke damun 'ya'yansu. Ta farko ita ce Buroka. Uba a Agege ko Sabon Badun ya ji ɗansa yana zuba ta da 'yan unguwa ba gargada, sai ya saki jiki wai yaro ya iya Turanci. Buroka harshe ne mai zaman kansa, yana da amfani a kasuwa da tashar mota, amma mai duba takardar jarrabawa ba ya ba ta maki ko ɗaya.

Ta biyu ta fi ban takaici, domin masu ƙwazo take kamawa. Saurayi ya ɗauki ƙamus ya tsinci kalmomi masu tsawon igiyar guga ya haddace, ya riƙa jefa su a zance don a ce ya sha boko. In ya rubuta wasiƙa, shugaban ofis ya karanta sau biyu bai gane abin da ake roƙonsa ba. Alhali kuwa Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har gobe ake misali da Turancinsa, ba da nauyin kalmomi ya yi suna ba. Kowace kalma yakan ajiye ta inda ta dace, da murya a natse. Kwalejin Katsina ce ta horar da shi, kuma kada a manta shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Wanda ya riƙe harshensa da kyau bai cika shan wuya da na wani ba.

To, kalmomi nawa ne ake bukata? Masana sun auna. A 1953 wani Bature, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo a Turanci. Da su mutum zai yi hira ya yi ciniki. Amma Farfesa Paul Nation na ƙasar Niyuzilan ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da tuntuɓe ba yana bukatar zuriyar kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Zuriya, watau uwar kalma da 'ya'yan da aka tsiro daga jikinta. Tsakanin dubu biyu da dubu takwas ɗin nan ne yaran Arewa da yawa suke faɗawa rami. Amma a yi lissafi: kalmomi 6,000 a shekara shida na sakandare, dubu ɗaya ke nan a shekara, watau kamar uku a yini. Wannan ai bai fi ƙarfin yaron da ya haddace izu biyar a makarantar allo ba.

Akwai ma gajeriyar hanya. A shekarar 2000 wata malama, Averil Coxhead, ta tace zuriyar kalmomi 570 waɗanda ke ta maimaituwa a littattafan jami'a, ko na shari'a, ko kimiyya, ko kasuwanci, irin su analyse da assume da significant. Ba dogaye ba ne, ba su da armashi a bakin mai fariya, amma su ne ke ɗaure tambayar jarrabawa. Biyar a yini, kafin wata huɗu an gama. Sa'an nan a koya wa yaro farke kalma. In ya san port daga Latin take, ma'anarta ɗauka, to import da export da transport da portable duk sun zo hannu a tashi ɗaya. Bahaushe ya riga ya saba da wannan: daga karanta ya fitar da karatu da makaranta da makaranci.

Sai dai jerin kalmomi kaɗai ba ya zama a ka. Kalma sai an gamu da ita sau da yawa, cikin jimloli dabam dabam, kafin ta zama ta mutum. Ba abin da ke kawo wannan sai yawan karatu: jarida, littafin labari mai sauƙi, sa'an nan mai ɗan wuya, da ƙamus a gefe don dubawa, ba don hadda ba. Ƙamusan kuwa suna nan. Akwai na Neil Skinner na Turanci da Hausa, da na Roxana Ma Newman na 1990, da na A. S. Hornby wanda aka shirya musamman don mai koyo. Yanzu har cikin wayar hannu ana samun ƙamus, in dai za a bar kallon banza na rabin sa'a.

Suleja tana da abin alfahari, watau makarantar yara masu hazaƙa ta Gwamnatin Tarayya wadda aka buɗe a 1990, NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Amma ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma gurabenta kaɗan ne. Sauran dubban yaran garin da na Madalla da ƙauyukan kewaye fa? A zamanin En'e garuruwan Arewa suna da ɗakunan karatu inda akawu da ɗan makaranta kan zauna su duba jarida kyauta. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Suleja da Majalisar Masarauta su ba wannan al'ada ƙarfi unguwa unguwa. Haka nan Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Fatakwal, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da goro, ba za su rasa kuɗin ɗaki ɗaya ba, da benci huɗu, da ƙamus biyu, da jaridar kullum, da ɗan alawus na malamin da zai zauna da yara bayan La'asar.