Bidiyon Ambaliyar Da Ke Wayarka, Ta Tasha Ya Shigo Gari

Yau ba maganar gyaran sikirin ko batir zan yi ba. Damina ta kama, kuma kun san abin da ke biyo baya a guruf-guruf ɗinmu na Haɗejia: "An saki ruwan Tiga, ku turawa 'yan uwa!", da bidiyon ruwa yana cin gidaje.

Mutane da yawa gani suke data ce kaɗai ke yaɗa labari. Ni da wayoyi ke wucewa ta hannuna kullum, ra'ayina daban ne. A yankinmu labari ƙafa yake bi, waya kawai aljihu ce da ake zuba shi.

Duba guruf ɗin da kake ciki. Na unguwa, na 'yan ajinku, na masallaci. Kusan mutane ɗaya ne, labari yana ta zagaye a tsakaninku kamar ruwa a tafki. Wa ke fitar da shi? Direban da ke jigila tsakanin Haɗejia da Kano. Dillalin kifin da ke sayowa daga wajen Nguru. Mai dabbobin da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana cuɗanya da 'yan Nijar. Ɗan ci-ranin da ke Legas yana cikin guruf ɗin ƙauyensu da na 'yan acaɓar unguwar da yake. Mutum ɗaya irin waɗannan ya fi mutum ɗari masu zama wuri guda kai labari nesa, domin shi ne gada tsakanin guruf biyu da ba su san juna ba.

In kana shakka, tuna abin da ya faru a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnati ta sa aka katse sabis ɗin waya. Labari bai tsaya ba. Mutane mota suka riƙa shiga zuwa jihohin maƙwabta su yi kira, su dawo da saƙonni.

To ga inda matsalar take, kuma nan nake so ka natsu. Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya ce saƙon da ya sha yawo wuri ɗaya tak za ka iya tura shi, har da alamar kibiya biyu a samansa. Amma duk wannan yana aiki ne idan saƙon bai fita daga cikin WhatsApp ba. Mu kuwa ya muke yi? A tasha, ko wajen mai caji, sai ka ji "ɗan uwa kunna Xender in tura maka". Bidiyon ya sauka a galari. Mutum ya isa gida, ya samu sabis, ya ɗora shi a guruf. WhatsApp kallon sabon abu yake masa, babu kibiya, babu komai. Kai kuma ka ga sunan ƙanin babanka a kai, sai ka ɗauka shi ya ɗauka da hannunsa ɗazu.

Ta haka bidiyon ambaliyar 2020 ko ta 2022, shekarun da ruwa ya yi mana ɓarna sosai a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri da sauransu, yake sake dawowa a matsayin na jiya. Kuma wannan ba wasa ba ne fa. Manomi zai iya yanke shinkafar da ba ta nuna ba, ko ya karyar da awakinsa don tsoro. Abin da ya fi wannan muni, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo, sai a ce "ai kullum haka suke faɗa".

Wani zai ce to a daina turawa mana. Ban yarda ba. Akwai ƙauyukan fadama da sai ka hau tudu kake samun sabis, idan ruwa ya yanke hanya kuma sai kwale-kwale. Mai kwale-kwalen nan da direban nan su ne rediyon mutanen. Sau da yawa sun riga sanarwar hukuma isowa. Gyara ake buƙata, ba hani ba.

Idan kai ne mai ɗaukar bidiyo, buɗe baki ka faɗi ranar da wurin a ciki: yau kaza ga wata, shekara kaza, ina gari kaza. Rubutun da ka saka a ƙasa yana faɗuwa a hanya, amma murya tana manne da bidiyon ko ya bi ta waya hamsin.

Idan kuma ta Xender ko memori aka ba ka, kafin ka ɗora, shiga wajen fayil ka duba sunansa. Bidiyon da ya taɓa bi ta WhatsApp a wayar Android yakan zo da suna kamar VID-20220915-WA0003. Lambobin nan kwanan wata ne: 2022, wata na 9, ranar 15. Ba lallai ranar da aka ɗauka ba ce, ranar da ya sauka a wata waya ce, amma ya isa ya nuna maka ba na bana ba ne. Sai dai ka lura, da zarar an sake tura shi ta WhatsApp, sabon kwanan wata yake samu, don haka ganin kwanan yau ba hujja ba ce. Idan hoto ne, saka shi a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa.

Idan duk ba ka gamsu ba, katin naira ɗari ya ishe ka. Kira wanda ka sani a Ringim ko Miga, su ruwan yake fara ratsawa kafin ya iso mana, ka tambaye shi inda ya kai a gaɓar kogi yau.