Daga Ƙaramar Kwaleji Zuwa Babban Fage: Ina Namu Tsanin?

Daga Wakilinmu

A watan Yuni na 1987 wani saurayi mai suna Scottie Pippen ya zo na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, watau babbar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Amurka. Makarantar da ya fito kuwa, Jami'ar Central Arkansas, ba ta ma cikin jerin masu suna a wannan wasa a lokacin. Daga baya ya ci kofin NBA har sau 6 tare da kulob ɗin Chicago Bulls. Ben Wallace shi ma haka. Ya fara daga kwalejin shekara biyu, ya wuce Jami'ar Virginia Union wadda ke rukuni na biyu, kuma a zaɓen 1996 ba wanda ya kira sunansa. Amma a 2004 sai ga shi ya ɗaga kofi tare da Detroit Pistons.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Batsari ko Safana da wannan labari? Da ruwansa ƙwarai, domin kuwa yaran da Allah ya ba tsawo da ƙarfin jiki ba a Amurka kaɗai ake haihuwarsu ba. Abin da ya bambanta mu da su shi ne, su sun gina tsani mai matakai a jere, mu kuwa namu tsanin yana da giɓi tun daga ƙasa.

Ga yadda nasu yake. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta kasa makarantu rukuni uku. Rukuni na ɗaya, mai makarantu fiye da 350, shi ne mai kuɗi da 'yan kallo da talabijin. Rukuni na biyu yana ba da tallafin karatu daidai gwargwado, na uku kuwa ba ya ba ɗalibi tallafi saboda wasa ko kaɗan. Ban da waɗannan akwai ƙungiyar NAIA ta ƙananan makarantu, da kuma kwalejoji masu karatun shekara biyu. Kowane mataki yana da gasarsa duk shekara, ana rubuta ƙwallayen da kowane yaro ya ci, ana ɗaukar wasansa a faifai. Saboda haka yaron da ya yi fice a lungu ba ya ɓacewa, domin mai neman 'yan wasa yana da abin dubawa.

A da hawan wannan tsani yana da wuya. Duncan Robinson, wanda ya bar Kwalejin Williams ta rukuni na uku a 2014 ya koma Jami'ar Michigan, sai da ya yi zaman shekara guda ba ya wasa, don haka doka ta tanada a lokacin. Derrick White shi ma ya yi irin wannan zama bayan ya shekara uku a rukuni na biyu, kafin a zaɓe shi a 2017, ya ci kofin NBA da Boston Celtics a 2024. Amma a 2018 aka buɗe rajistar da ɗalibi zai sa sunansa idan yana son sauya makaranta, a 2021 aka soke zaman shekarar nan ga mai sauyi na farko, aka kuma yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa. A 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara ga kowace makaranta.

Wannan sauyi ya zo da alheri, ya kuma zo da illa. Yaron da aka raina yana ɗan shekara 18 yanzu yana iya gyara sunansa a ƙaramar makaranta, baɗi ya haye sama. Amma ƙaramar makarantar ta zama tamkar mai kiwon kaji don wani ya ci ƙwai: da zarar ta raini ɗan wasa ya kawo ƙarfi, sai babba ta zo da kuɗi ta ɗauke shi. Duk da haka ba wanda zai ce tsanin bai yi amfani ba.

Shaidar amfaninsa tana nan kusa da mu, a Zariya. A nan Masai Ujiri ya girma, a nan kuma ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, a hannun Ba'amurken nan Oliver Johnson wanda ya daɗe yana horar da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Da Ujiri ya je Amurka, ba wata shahararriyar jami'a ta karɓe shi ba. Kwalejin Bismarck ce, mai karatun shekara biyu a lokacin, a Jihar North Dakota, inda ya yi wasa tare da wani ɗan Nijeriya, Godwin Owinje, wanda daga can ya haye zuwa Jami'ar Georgetown ta rukuni na ɗaya. Shi Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya yi 'yan shekaru yana wasa a kulob-kulob na Turai, sa'an nan a 2002 ya fara aikin nemo wa Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa Toronto Raptors ta ci kofi a 2019, kafin su rabu a 2025.

Darasin da ke cikin wannan labari biyu ne. Na farko, abin da ya fara ɗaga Ujiri fili ne da malami a Zariya, ba wani abin al'ajabi ba. Haka kuma Hakeem Olajuwon, wanda ya zo na ɗaya a zaɓen 1984, ƙwallon hannu yake bugawa a makarantarsa ta Legas, kuma gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato ce ta fara fito da shi a ƙwallon kwando. Na biyu, ba kowa ne zai kai ƙarshen tsani da ƙwallo a hannu ba. 'Yan wasan da NBA ke zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba daga duk duniya. Sauran dubbai abin da suke tsira da shi shi ne takardar shaidar karatu, da aikin horarwa, ko alƙalancin wasa, ko gudanar da kulob. Ɗalibin da ya jefar da littafi saboda ƙwallo ya yi sakin na hannu ke nan.

To, yanzu mu dawo gida. A takarda muna da dukkan matakan. Akwai gasar Milo ta makarantun sakandare, akwai NICEGA ta kwalejojin ilmi, da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da NUGA ta jami'o'i. A sama akwai gasar ƙasa, inda Kano Pillars ta sha cin kofi, sai kuma gasar Afirka ta BAL da aka fara a 2021, wadda Rivers Hoopers ta zo ta uku a cikinta a 2024. Amma waɗannan matakai ba su haɗe da juna ba. Wasannin manyan makarantu buki ne na 'yan kwanaki, a watse, sai kuma an sake kira. Ba gasa ce ta mako-mako da za a auna yaro a cikinta ba. Bugu da ƙari, rikicin shugabanci da ya raba hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu a 2017, tsakanin ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, ya dagula gasar cikin gida shekara da shekaru. A 2022 har Gwamnatin Tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, kuma ko da yake ta janye hukuncin cikin 'yan makonni, 'yan matanmu sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara. Wannan kuwa ƙungiya ce da ta ci kofin Afirka sau 5 a jere, daga 2017 zuwa 2025.

Idan haka abin yake a sama, mai karatu ya ƙiyasta yadda zai kasance ga yaron Babban Duhu. Yankin Safana da Batsari ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, har karatun kansa ya sami cikas, balle wasa. Alhali kuwa matakin farko ba shi da nisa da shi. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A Katsina akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Waɗannan su ne Bismarck ɗinmu. Makarantu biyar sun isa a shirya gasa ta zuwa da dawowa a cikin jiha, maza da mata, a riƙa rubuta sakamakon kowane ɗan wasa, a ɗauki wasannin ko da wayar hannu ce, yadda kulob ɗin Kano ko na Kaduna zai sami abin dubawa. Filin kuma ba shi da cin wuri, mita 28 ne tsawonsa, faɗinsa 15, harabar kowace sakandare za ta ɗauke shi.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Wasanni da ta Ilmi a Jihar Katsina su haɗa kai da shugabannin waɗannan makarantu su fara daga nan, su kuma ɗora wa ɗaliban sashen motsa jiki na kwalejojin ilmi nauyin koyar da wasan a makarantun da aka tura su aikin koyarwa. A kuma kafa sharaɗi cewa duk ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ba zai sa rigar makaranta ba sai ya gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muddin muna son wata rana a kira sunan ɗan Safana a Kano Pillars ko a ƙungiyar ƙasa, to sai an fara kafa masa kwando a inda ƙafarsa za ta iya kai shi.