Dogon Lensi Ba Shi Ne Iya Hoto Ba: Magana Ga Matasanmu Masu Kyamara

'Yan uwa mazauna Sabo, Ojo, Shasha da sauran unguwannin Ibadan.

Watannin baya Allah ya yi wa ɗaya daga cikin dattawanmu rasuwa. Mutum ne da ya shafe fiye da shekara hamsin yana fataucin goro a garin nan, ya sauki baƙi, ya sasanta rigingimu, ya aurar da marayu. Da muka tashi rubuta sanarwar ta'aziyya, muka nemi hotonsa mai kyau guda ɗaya tak. Muka tambayi iyalinsa, muka tambayi matasan da ke yawo da kyamara a duk taron da muka yi. Daga ƙarshe hoton katin zaɓensa muka ɗauka da waya. Abin ya ba mu kunya, kuma shi ya sa muke wannan rubutu.

Ba ƙarancin kyamara ke damunmu ba. Alhamdu lillahi, yanzu muna da matasa da dama da suka mayar da ɗaukar hoto abin sha'awarsu, kuma muna yaba musu. Abin da muke ƙi shi ne gasar da ta shiga tsakaninsu ta wa ya fi dogon lensi, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Yaro zai tara kuɗin wata shida, ya hau mota zuwa Legas, ya dawo da lensi tokumbo mai tsawon kamu guda, ya rataya a wuya ana ce masa oga. Ka ce ya nuna maka aikinsa, sai ka ga kawunan mutane daga nesa, rabi sun yi dishi-dishi. Mu a ganinmu wannan asarar kuɗi ce, kuma ta fi haka, domin tana lalata tarbiyyar mai ɗaukar hoton.

Bari mu fara da lissafi, kada a ce son rai ne. A jikin kowane lensi akwai lambobi iri biyu. Ta farko ita ce mai "mm", kamar 18-55 ko 50 ko 75-300. Idan lambar ta yi girma, lensin yana jawo abin da ke nesa amma yana ƙuntata abin da zai shiga hoton. Ta biyu ita ce mai harafin f, wadda ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga. A nan ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dogon lensin da yawancin yaranmu ke saya, mai 75-300, idan aka zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa tana tsayawa a f/5.6. Ɗan guntun lensi mai 50 kuwa, wanda suke rainawa, yana buɗewa har f/1.8. Bambancin hasken da ke shiga ya kusa ninki goma.

To, a ina muke yin harkokinmu? A zaure, a cikin masallaci, a rumfar kasuwa, a ɗakin taro bayan magariba lokacin da wuta ta ɗauke. Duk wurare ne masu ƙarancin haske. Ga kuma matsalar rawar hannu. Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan: da lensi mai 300, sai kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa ɗari uku na daƙiƙa ko fiye da haka kafin hoto ya fita tsaf ba tare da an kafa ta a kan ƙafa ba. Da mai 50, kashi ɗaya bisa sittin ko ɗari ya wadatar. Wato dogon lensin ya fi bukatar haske, kuma shi ne ya fi ƙarancin samunsa. Shi ya sa hotunan walimar saukar karatun da muka yi suka fito kamar an ɗauka cikin hazo.

Wasu za su ce ai akwai mai 70-200 mai f/2.8. Gaskiya ne, lensi ne mai kyau ƙwarai. Amma nauyinsa ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, alhali mai 50 bai kai giram 200 ba, kuma kuɗinsa ya ninka na guntun sau da yawa. Ga laimar ƙasar nan, wadda ke sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin idan aka ajiye shi a jaka lokacin damina. Wanda ba ya cin abinci da hoto, me ya kai shi ɗaukar wannan kaya? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shawararmu a fili take. Wanda kyamararsa ta zo da 18-55, ya riƙe ta ya ƙware a kai tukuna. Idan zai ƙara, ya sayi mai 35 ko mai 50. Ya kuma sani cewa yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon da ke hannunmu suna yanke gefen hoto, ta yadda mai 50 ke zama kamar 80 a Canon, kamar 75 a Nikon. Saboda haka mai 50 ya dace da hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa kai, mai 35 kuma ya fi dacewa da cikin ɗaki da hoton mutum a bakin sana'arsa. Wanda ba shi da kyamara ma, wayarsa ta isa, in dai zai ja da baya kaɗan, domin kusantar da waya ga fuska shi ke kumbura hanci.

Amma babbar maganarmu ba ta haske ba ce, ta ladabi ce. Guntun lensi yana tilasta maka ka matso. Idan ka matso, dole ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida dattijo, ka ce, "Baba, ka ba ni izini in ɗauke ka hoto?" Zai gyara zaman rawaninsa, ya tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, wataƙila ya ba ka labarin yadda ya zo garin nan a jirgin ƙasa. Ka samu hoto, ka samu tarihi, ka samu albarka. Dogon lensi kuwa yana koya wa yaro laɓe. Zai tsaya a bayan mota ya zuƙo fuskar mutum ba da saninsa ba. Mun samu koke fiye da sau ɗaya daga magidanta cewa an ɗauki matansu da 'ya'yansu mata a wajen biki daga nesa, sai dai su ga hoton yana yawo a WhatsApp. Wannan ba fasaha ba ce, leƙen asiri ne, kuma addininmu da al'adarmu duk sun hana.

Ku duba kuma irin hotunanmu da duniya ke gani. Idan jaridun kudu za su yi labari a kan Bahaushe, hoton me suke sakawa? Mabaraci a bakin titi, ko ɗan acaba da aka kama, ko toka da hayaƙi kamar na rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Yawanci wanda bai san mu ba ne ya ɗauka, daga nesa, ba tare da ya tambayi sunan kowa ba. Ba mu da ikon hana baƙo ya kalle mu haka. Abin takaici shi ne ɗanmu na cikinmu ya sayi kayan aikin baƙo ya riƙa kallonmu da idon baƙo.

An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916. Littafin da aka fi sani a kan unguwar, wanda ya yi bayanin fataucin goro da shanu da tsarin masu gida, wani masani daga Ingila ne ya rubuta shi, Abner Cohen, ya fito a 1969. Shekara fiye da ɗari muna nan, ina namu kundin? Ku ɗauki darasi daga J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya fara da 'yar ƙaramar kyamara Brownie a 1950, ya yi aiki a ɗakin wanke hoto na ma'aikatar yaɗa labarai a nan Ibadan. Daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara hotuna kusan dubu. Ya rasu a 2014, amma ana nuna aikinsa a manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ya ɗaukaka shi haƙuri ne da riƙe abu ɗaya, da girmama waɗanda yake ɗauka.

Mun san abin da masu dogon lensi za su ce: ai da shi ake ɗaukar hawan Sallah, da wasan ƙwallo, da liman a kan mumbari a filin idi. Mun yarda, a can yana da amfani, ba mai son doki ya take shi. Amma sau nawa hakan ke faruwa a shekara? Ranar da bukata ta taso a iya aro ko haya. Sauran kwanakin shekara rayuwarmu tana cikin taku biyar ne daga inda kake tsaye. Wasu kuma za su ce kuɗinsu ne, sha'awarsu ce, ba ruwan ƙungiya. Kuɗin naku ne, ba musu. Fuskokin da kuke ɗauka dai na jama'a ne, kuma a nan ruwanmu ya shigo.

Don haka ga abin da muke roƙo. Duk mai ɗaukar hoto a taron ƙungiya ya nemi izinin wanda zai ɗauka, kuma ɓangaren mata sai da yardarsu, zai fi kyau ma a ce mace ce ke riƙe da kyamarar. Sannan kowane matashi mai kyamara ya zaɓi dattawa biyar a layinsu, maza da mata waɗanda suka amince, ya ɗauke su a wurin sana'arsu da hasken safiya ko na la'asar. Ya rubuta suna, garin asali, shekarar zuwa da sana'a. Ya wanke kwafi biyu a takarda, ɗaya na iyalin, ɗaya na ofishin ƙungiya, domin waya tana ɓata, memori yana lalacewa. Wanda bai amince a ɗauke shi ba saboda fahimtarsa ta addini, a girmama shi, a rubuta labarinsa kawai.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, ƙofar ofis a buɗe take. Ya zo da hotunansa goma da ya fi alfahari da su, mu ajiye a kan tebur mu duba tare, gani ya kori ji. Dattawanmu dai ba za su jira mu gama gasar lensi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.