Kunnen Makaɗi Amana Ce a Wuyanmu

A zangunanmu, daga Nima har Kumasi, mun mai da ƙarar lasifika ma'aunin armashin biki. Da an watse mu mu kwanta lafiya, makaɗi kuwa ya kwana kunnensa na kuka. Wannan kuka gargaɗi ne. Can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa. Bisa ma'aunin masana, kunne na jure desibel 85 tsawon awa 8, amma a desibel 100 minti 15 ne kacal.

Kalangu da algaita ba a takarda muka gaje su ba, da kunne ake koyonsu. Makaɗi ya kurumce, almajiransa sun yi rashin malami.

Don haka mu rage ƙara, mu nisanta lasifika daga makaɗa, mu daina yi wa mai toshe kunne dariya. Wanda kukan ya riga ya kama, ya ga likitan kunne. Sautin rediyo ƙasa-ƙasa da dare yakan sassauta masa.