Talaucin Aro: Raddi Ga Masu Cewa Ka Ajiye Aiki Ka Goyi Jaka

Wajen ƙarfe ɗayan dare ƙanina ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne zaune a bakin teku a ƙasar Tailan, ƙafa ba takalmi, gashi a cukurkuɗe, ga wata ƙatuwar jakar goyo jingine da bishiyar kwakwa. Yana ba da labarin yadda ya ajiye aikinsa a Landan, ya sayar da mota, ya saki gidan haya, yanzu wata na tara ke nan yana zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. A cewarsa ya gano ɗan Adam ba ya buƙatar komai, kuma tsoro ne kawai ke hana sauran mutane yin abin da ya yi. A ƙarƙashin bidiyon ƙanin nawa ya rubuta: "Yaya, ka ga waɗanda suka san rayuwa. Mu muna nan muna bautar albashi."

Yaron nan sai da ya shekara huɗu yana yawo da takardu kafin ya sami aikin da yake kira bauta. Da albashin ake sayen maganin hawan jinin mahaifiyarmu. Shi ya sa na kasa barci, shi ya sa kuma nake wannan rubutu, domin na san ba wayarsa kaɗai bidiyon ya shiga ba.

Ba ni da rigima da tafiya, ba ni da rigima da hutu. Rigimata da ƙaryar da ake naɗe wannan yawo a ciki ce, wato cewa jarumta ce, gudun duniya ne, kuma ƙofa ce a buɗe ga duk mai zuciya.

Mu fara da hanyar kanta. A 1972 wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka taso daga Ingila suka ratsa Asiya har Ostireliya. A 1973 suka buga ɗan littafi kan yadda za a yi tafiyar da kuɗi kaɗan, a 1975 suka ƙara wani kan kudu maso gabashin Asiya. Daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali. Yau, bayan shekara 50, hanyar ta zama burtali. A sauka a titin Khao San na Bankok, a hau arewa zuwa Chiang Mai, a shiga jirgin ruwa a bi kogin Mekong kwana biyu zuwa Luang Prabang a Lawos, a gangara Vang Vieng, a tsallaka Hanoi, a bi Biyetnam a bas har kudu, a shiga Kambodiya a ɗauki hoton fitowar rana a Angkor Wat, a ƙare a tsibiran Tailan ko Bali. Turawan da kansu suka raɗa mata suna hanyar fanken ayaba, saboda duk inda suka yada zango sai masu abinci sun koyi soya musu irin karin kumallon da suka saba. Kowa cikinsu ya ce ya baro gida ne don ya fita daga garke, sai ga shi a layi da dubban 'yan uwansa, suna cin fanke iri ɗaya, suna hira da Turanci, suna ɗaukar hoto a kan dutse ɗaya.

Wannan abin dariya ne kawai. Abin da ba na dariya ba shi ne ginshiƙai uku da tafiyar ta tsaya a kansu, waɗanda ba a nuna su a bidiyo.

Na farko fasfo. A watan Yulin 2024 Tailan ta ba 'yan ƙasashe 93 damar shiga ba biza su zauna har kwana 60. Babu Najeriya a ciki. Baturen ƙanina tikiti kawai ya saya. Mai koren fasfo kuwa sai ya kawo bayanan asusun banki, da tikitin dawowa, da shaidar masauki, da takardar wankewa daga hukumar NDLEA cewa ba shi da hannu a harkar ƙwaya. Indonisiya ta daɗe da sa Najeriya a cikin 'yan tsirarun ƙasashen da sai an yi wa mutanensu bincike na musamman kafin a ba su biza. Sannan ga inda abin ya fi ban haushi: babbar hujjar da ofishin jakadanci ke nema a wurin ɗan Afirka ita ce yana da aikin da zai dawo da shi gida. Ka ajiye aikin, ka yar da hujjar. Shawarar "ajiye aiki ka tafi" a hannun ƙanina kamar a ce da mutum ya sayar da guga ya sayi igiya ne.

Ka dubi kuma yadda ake rabon sunaye. Saurayin Turai ya goyi jaka ya tsallaka iyaka goma, wani lokacin yana aiki ta intanet da bizar yawon buɗe ido, sunansa matafiyi mai neman sanin kansa. Saurayin Afirka ya goyi irin jakar ya bi ta Agadas yana neman abin da zai ci, sunansa baƙon haure. Jaka ɗaya, ƙafa ɗaya.

Ginshiƙi na biyu canjin kuɗi. Idan Bature ya ce Kambodiya ƙasa ce mai araha, abin da yake nufi shi ne ladan aikin mutumin Kambodiya kaɗan ne. Arahar ɗakin kwana, da ta farantin taliya, da ta wankin kaya da ake aunawa a kilo, daga jikin wani take fitowa: matar da ta tashi da asuba ta ɗora tukunya, da mai keken haya da ya wuni a rana, da yarinyar da ke share ɗakuna. Mai fam ko yuro a aljihu bai rage buƙatunsa ba, ya dai koma inda ake biya masa su da rahusa. Duk da haka a cikin masu goyon jaka akwai masu alfahari da iya ciniki, mutum ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa mai sayar da mangwaro kan abin da ba zai saya masa kofin shayi a garinsu ba, wai don kada a cuce shi. Har ta kai ana ganin wasunsu zaune a titunan Bankok da Kuala Lumpur da kwali a gabansu, suna roƙon a taimaka musu su ci gaba da zaga duniya. Bara don yawon shaƙatawa, a gaban mutanen da ba su taɓa shiga jirgin sama ba! Mu da muka san bara, muka san yunwar da ke fito da mutum titi, ba ma buƙatar a fassara mana wannan rashin kunya.

Ginshiƙi na uku shi ne abin da ke jiransa a gida. Yana da inshorar tafiya. Idan zazzaɓi ya kayar da shi ko babur ya karya shi, akwai asibiti a ƙasarsu da zai karɓe shi. Idan kuɗi suka ƙare akwai ɗaki a gidan iyaye, akwai tallafin marasa aiki. Wasu ma ba ajiye aikin suka yi ba, hutun shekara aka ba su, kujerarsu na nan. In ya koma sai ya rubuta tafiyar a takardar neman aiki a matsayin gogewa. Talaucin da za ka iya tuɓewa ranar da ka ga dama, kamar riga, talaucin aro ne. Wanda mutum goma ke rataye da albashinsa, a ƙasar da ake rububin gurbin aiki ɗaya, idan ya saki reshe ganye ma ba zai samu ba.

Sai kuma abin da ake bari a baya. A shekarar 2000 aka fitar da fim ɗin The Beach, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, labarin masu goyon jaka da suka sami ɓoyayyen tsibiri suka lalata shi da hannunsu. An ɗauki fim ɗin a gaɓar Maya da ke tsibiran Phi Phi. Maimakon a ɗauki darasi sai aka ɗauki adireshi. Jiragen ruwa suka riƙa sauke dubban mutane a kullum har murjanin ƙarƙashin ruwan ya lalace. A watan Yunin 2018 hukumomin Tailan suka rufe wurin, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, da sharaɗin ba iyo. A 2018 ɗin ne Filifin ita ma ta rufe tsibirin Boracay na wata shida don a gyara ƙazantar da ta yi masa katutu. Na sani ba masu goyon jaka kaɗai suka cika wuraren nan ba. Amma su ne 'yan share fage. Su ke gano wuri, su yaɗa shi, sannan manyan motoci da manyan otal su biyo sawu, su kuma su ja tsaki su ce wurin ya lalace, su nemi na gaba.

Vang Vieng ya fi ba ni takaici. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Nam Song, a ƙasar da Amurka ta zuba wa bama-bamai sama da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, waɗanda har yau ragowarsu ke kashe manoma da yara. A wannan gari ne baƙi suka mayar da kogi mashaya: a hau robar cikin tayar mota ana bin ruwa daga wannan rumfar giya zuwa waccan. A 2011 kaɗai an ba da rahoton mutuwar baƙi aƙalla 27, wasu sun nutse, wasu sun faɗo kan duwatsu. A 2012 gwamnati ta rufe mashayun bakin kogin. A Nuwamban 2024 wasu baƙi shida suka sake mutuwa a garin bayan shan gurɓatacciyar giya. Rai rai ne, kuma iyayensu abin tausayi ne. Amma wa ya tambayi mutanen garin yadda suka ji da aka mayar da kogin da suke wanka da kamun kifi wurin tsiraici da tsamo gawa?

A Luang Prabang, da sassafe masu ibadar addinin Buddha kan fito a jere cikin tufafinsu ruwan goro, mutanen gari su durƙusa su zuba musu shinkafa. Ibada ce a wurinsu. Yanzu sai an kafa alluna ana roƙon baƙi kada su tare hanya, kada su haska musu fitilar kyamara a fuska. Ka ƙaddara wani ya kutso sahun sallar Idi da gajeren wando yana neman inda hoto zai fi kyau. A Kambodiya kuma son da baƙi ke yi su kwana biyu suna rungumar marayu ya sa gidajen marayu suka yawaita, alhali binciken UNICEF ya nuna mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Tausayin baƙo ya zama kasuwa, yaran talakawa suka zama haja.

Za a ce da ni: ai kuɗi suke kaiwa. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. A 2019 baƙi kusan miliyan 40 suka shiga Tailan. Da korona ta rufe iyakoki a 2020, titin Khao San ya yi tsit, kuma talakawa ne suka fi ji a jikinsu. Ƙari a kan haka, kuɗin mai goyon jaka ya fi faɗawa hannun ƙananan masu masauki da masu abincin titi fiye da na attajirin da ke kulle kansa a babban otal. Akwai kuma na kirki a cikinsu, masu kunya, masu koyon gaisuwa. Na yarda da duk wannan. To amma in haka ne a kira abin da sunansa: ciniki ne tsakanin mai kuɗi da mai buƙata. Wanda ya je kasuwa ya sayi hutu da araha ba shi da bakin yi wa mai bautar albashi wa'azin gudun duniya.

Mu ma ba baƙin doguwar tafiya ba ne. Kakanninmu sun taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, tafiyar shekaru, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri su ƙara gaba. Zuriyar wasunsu na nan a Sudan har gobe. Fatake sun kai Gwanja neman goro suka kafa zango-zango. Waɗannan sun ci abin da mai gida ya ci, sun koyi harshensa, sun bi dokarsa, domin rayuwarsu na hannunsa. Irin tafiyar da ake ce wa mabuɗin ilimi ke nan. Wanda ya zaga ƙasa shida a wata shida bai iya ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen ko ɗaya ba, ya ga wurare, amma da wuya a ce ya ga mutane. Kuma laifi tudu ne. Mu ma idan muka shiga ƙauye da buhun shinkafa ɗaya da waya uku muna ɗaukar hawayen tsofaffi don Facebook, layinmu ɗaya da mai rungumar marayun Kambodiya.

Da safe na kira ƙanina. Na ce masa gajiyarsa gaskiya ce, kuma son ganin duniya ba laifi ba ne. Ya nemi hutunsa na shekara, haƙƙinsa ne. Ya yi adashe ya tara. In Allah ya sa an ba shi biza, ya zaɓi ƙasa ɗaya, gari ɗaya ko biyu, ya zauna ya san sunan mai sayar masa da abinci, ya biya ba tare da ƙwaƙule ta ba, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya a fuskar mutum. Amma kada ya kuskura ya rubuta takardar ajiye aiki saboda maganar wanda in ya faɗi akwai katifa a ƙarƙashinsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, shi ke nan mu ba za mu taɓa hutawa ba?"

Ban da amsar da za ta yi masa daɗi. Tambayarsa ce ya kamata mu yi ta yi da ƙarfi, ga masu ba da aiki da ke ganin hutu alfarma ce, da shugabannin da suka bar fasfonmu ya zama abin zargi a filayen jiragen sama. Amsarta ba ta bakin tekun Tailan, ba ta kuma wurin mutumin da ya ari talauci na wata tara yana sayar mana da hotonsa.